Darakta, furodusa ko ogan ofis: wace kujera ce taka a wasan kwaikwayon talabijin?

Yawancin masu sha'awar shiga harkar wasan kwaikwayon talabijin in ka tambaye su me suke so su zama, darakta za su ce maka, kuma ba laifinsu bane tunda shi ake gani a hoto yana tsaye bayan kamara yana nuna wa jarumai inda za su tsaya. Wasu kuma sun ɗauka abin hawa-hawa ne, ka fara da darakta, in ka kwana biyu ka zama furodusa, in furfura ta fito a ba ka ofis ka zama oga a tasha. Akwai waɗanda suka bi ta haka ɗin, amma gaskiya sana'o'i uku ne daban, kowacce da irin mutumin da take so da irin abin da take ci a jikinka, kuma wanda ya ƙware a ɗaya ba lallai ya iya ɗayar ba ko da ya shekara ashirin yana kallon yadda ake yinta.

Bari in fara da darakta tunda nan ne mutane suka fi shan mamaki. A fim ɗin sinima darakta shi ne sarki, a talabijin kuwa sau da yawa baƙo ne. Ɗauki tsarin manyan tashoshin Amurka na da, zango ɗaya yakan kai kashi 22, kowane kashi minti arba'in da 'yan kai in an cire talla, kuma a cikin kwana takwas ko makamancin haka ake ɗaukarsa. Ba yadda za a yi mutum ɗaya ya ja wannan kayan shi kaɗai, don haka yayin da darakta ɗaya yake ɗauka, wani yana shirin kashi na gaba, na uku yana ɗakin tace hoto da wanda ya gama. Kai da aka kira ka yi kashi na sha ɗaya misali, zaka tarar da jarumai sun riga sun san halin mutanen da suke fitowa a matsayinsu fiye da kai, mai ɗaukar hoto ya riga ya kafa irin hasken da shirin yake tafiya da shi, masu gini sun gama gina ɗakunan tun bara, kai kuma an ba ka kamar mako guda ka karanta labarin, ka zaga lokeshan, ka sa baki wajen zaɓen ƙananan 'yan wasa, ka zauna da jagoran shirin, wato furodusan da yake sama da kowa a shirin, ya bi ka fitowa bayan fitowa yana gaya maka abin da yake nufi da kowacce. In ka gama ɗauka ana ba ka 'yan kwanaki ka haɗa naka tsarin, daga nan furodusoshi su karɓa su sake yanka yadda suka ga dama, kuma wani lokacin fitowar da ka fi wahala a kanta ita za a cire don lokaci ya yi yawa. Ba wanda zai ba ka haƙuri.

To me ya sa mutane suke mutuwar son aikin duk da haka? Saboda awannin da ake ɗauka ɗin nan naka ne. Kai ne kake yanke inda kamara za ta tsaya, kai ne zaka matsa kusa da jaruma ka faɗa mata kalma biyu a kunne sai ka ga fitowar da ta ƙi tashi tun safe ta tashi, kuma wannan abin ba furodusa ba oga da yake ɗanɗana shi. Amma ka san cewa abin da zai sa a sake kiranka ba kyan hoto kaɗai bane, a'a, ka gama shafukan ranar cikin lokaci ne, kada ka ja ma'aikata su shiga ƙarin awanni da za a biya, kuma babban jarumin shirin kada ya ce ba ya son sake ganinka. Daraktan da yake da basira amma kullum sai ya wuce lokaci, sunansa yana zagawa tsakanin furodusoshi da sauri, su kuwa suna waya da juna kafin su ɗauki kowa.

Ba ko'ina ne darakta yake baƙo haka ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai zaɓe. Wanda ya ba da umarnin kashin gwaji, wato na farko da ake yi don tasha ta gani ko za ta saya, shi ne yake kafa kamannin shirin gaba ɗaya, yana cikin masu zaɓen manyan jarumai, kuma a Amurka yakan ci gaba da samun wani kaso a kan sauran kashe-kashen ko da bai sake taka wurin ba. A Birtaniya kuma shirye-shiryen gajeru ne, kashi shida ko ma ƙasa da haka, sai darakta ɗaya ya ɗauki duka ko rabi, don haka bakinsa ya fi ƙarfi. Zuwan tashoshin biyan kuɗi da kamfanonin haska shiri ta intanet ya ƙara buɗe wannan ƙofar, a 2014 Cary Fukunaga shi kaɗai ya ba da umarnin duka kashi takwas na zangon farko na shirin True Detective a tashar HBO ta Amurka, abin da a lokacin aka riƙa magana a kansa don ba a saba ba. A ɗaya gefen kuma akwai shirye-shiryen da ba sa ƙarewa, irin su Coronation Street na Birtaniya da ake yi tun Disambar 1960, da na Brazil da ake haskawa dare shida a mako har kashi ɗari da wani abu, da na Turkiyya da kashi ɗaya kan kai awa biyu kuma duk mako sai an fitar. A irin waɗannan gudu ne kawai, kamara da yawa a lokaci ɗaya, ba lokacin tsayawa ana ƙawata hoto, wasu suna raina su amma ni a ganina babu makarantar da ta kai su koya wa darakta yanke shawara cikin minti ɗaya, kuma aikin ba ya yankewa.

Maganar yankewar aiki ita ce babban ciwon darakta. Ba ma'aikacin kowa bane, kwantiragi ne kashi-kashi, in an biya an biya da kyau, sai kuma ka zauna wata huɗu kana kallon waya. A inda ƙungiya take da ƙarfi, kamar ƙungiyar daraktocin Amurka da aka kafa tun 1936, akwai mafi ƙarancin abin da za a biya ka, akwai kason maimaita haskawa, akwai inshorar lafiya da fansho, a wurare da yawa kuwa babu ko ɗaya, abin da kuka yi ciniki shi ne naka. Kuma ga wani abu da masu shigowa ba sa sani, muƙamin mataimakin darakta na ɗaya ba shi ne hanyar zama darakta kai tsaye ba duk da sunan. Aikinsa tsara jadawali ne da kula da lokaci da tsaron lafiyar mutane a wurin ɗauka, ya fi kusa da furodusa nesa ba kusa ba. Waɗanda suka fi tsallakawa zuwa kujerar darakta su ne masu tace hoto, masu ɗaukar hoto, 'yan wasan da suka daɗe a shiri ɗaya, daraktocin dandamali, da waɗanda suka yi gajerun finafinai nasu har wani ya gani ya ba su damar bin wani darakta suna kallo.

Yanzu furodusa. Nan sai an yi hattara don sunan ɗaya ne amma ayyukan sun kai huɗu ko biyar, shi ya sa zaka ga sunaye goma a farkon shiri duk da laƙabin furodusa kuma rabinsu ba su taɓa zuwa lokeshan ba. Akwai mai riƙe da kuɗi da jadawali, shi ne ya san nawa aka kashe zuwa yau, motoci nawa za a ɗauka gobe, in ruwan sama ya hana aiki wace fitowa za a jawo ta cikin ɗaki. Akwai mai riƙe da labari, wanda yake zaune da marubuci tun ba komai sai shafi biyu. Akwai babban furodusa mai kamfani wanda shi ya sayar da shirin. A Amurka kuma wanda yake sama da kowa a shiri kusan kullum marubuci ne, ya faro daga ƙaramin marubuci a ɗakin marubuta yana hawa, laƙabinsa yana canzawa zuwa furodusa iri-iri har ya zama jagoran shiri, shi yake ɗaukar daraktoci, shi yake da maganar ƙarshe a kan rubutu da 'yan wasa da tacewa. Kaga kenan in a wannan tsarin kake son iko, alƙalami ne hanyar ba kamara ba. A Birtaniya hanyar da aka fi bi ita ce ta editan labari, mutumin da ba shi yake rubutawa ba amma shi yake karanta kowane daftari yana gaya wa marubuci inda labarin ya yi sanyi, daga nan ya zama furodusa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne furodusa shi ne farkon shiga kuma shi ne ƙarshen fita. Darakta zai zo ya yi mako huɗu ko wata shida ya tafi, shi kuwa yana iya shekara uku ko biyar a kan shiri ɗaya kafin a kunna kamara, ya nemi haƙƙin wani littafi ko wani labarin gaske, ya nemo marubucin da ya dace, ya biya a yi daftari, ya kai wa tasha ta ce a'a, ya kai wa wata ta ce a gyara, oga da ya nuna sha'awa a canza masa wurin aiki sai a koma farko. Mafi yawan abubuwan da ake renonsu haka ba sa zuwa ko'ina, mutuwa suke a cikin kwamfuta, don haka furodusa mai hankali ba ya riƙe ɗaya, goma yake juyawa a lokaci guda yana fatan ɗaya ko biyu su tashi. In kai mutum ne da in ka sa zuciyarka a abu ɗaya ya rushe sai ka yi wata ba ka dawo daidai ba, wallahi ka yi tunani sosai kafin ka zaɓi nan.

Sannan ga haɗa kuɗi, wanda shi ne ɓangaren da ba a nunawa a hirarraki. Kuɗin da tasha take biya sau da yawa ba ya isa ya yi shirin, sai furodusa ya cike giɓin, ya karɓi wani abu tun gaba daga kamfanin da zai sayar da shirin a ƙasashen waje, ya nemo abokin haɗin gwiwa daga wata ƙasa, ya bi rangwamen haraji inda ake bayarwa. Birtaniya misali ta fito da irin wannan rangwamen a 2013 don manyan shirye-shiryen da ake kashe wa aƙalla fam miliyan ɗaya a kowace awa, kuma ƙasashe da yawa suna da nasu, shi ya sa zaka ga labarin wani birni ana ɗaukarsa a wata ƙasa can daban. Duk wannan lauyoyi ne da takardu da mitin, kuma in darakta ya ce yana son jirgin sama mai saukar ungulu a fitowa ta bakwai, furodusa ne zai zauna da shi ya ce toh, in ka samu jirgin ka rasa kwana ɗaya na ɗauka, zaɓi. In jarumi ya ƙi fitowa daga motarsa shi ake kira, in wani ya ji ciwo shi ake kira, in tasha ba ta ji daɗin abin da ta gani ba shi ake kira da tsakar dare.

Ladan wannan wahalar kuwa shi ne mallaka, kuma nan ne ya bar darakta da oga a baya. Cikin ukun nan furodusa ne kaɗai yake iya wayar gari da wani abu nasa da zai ci gaba da kawo kuɗi bayan an gama aiki, ko ya gina kamfani ya sayar. Amma wannan ya dogara da dokar wuri da irin kwantiragin da ka sa wa hannu. Birtaniya ta nuna abin a fili, an buɗe tashar Channel 4 a 1982 a kan tsarin ba za ta riƙa yin shirye-shiryenta da kanta ba sai dai ta saya daga waje, sai ƙananan kamfanoni suka ɓarke, dokar 1990 ta wajabta wa manyan tashoshi su sayi kashi 25 cikin ɗari daga masu zaman kansu, sannan dokar 2003 ta buɗe hanyar da furodusoshi suke riƙe haƙƙin shirye-shiryensu su sayar a waje, daga nan ne ƙananan kamfanoni suka zama abin da manya suke rububin saye. A Amurka kuma tsohon lissafin shi ne shiri ya kai kashi ɗari ko kusa da haka a riƙa sayar wa ƙananan tashoshi suna maimaitawa, masu kaso a ciki su yi ta ci shekara da shekaru. Kamfanonin intanet irin su Netflix sun zo da wani salo, su biya duk kuɗin yin shirin su ɗora maka riba a kai, amma haƙƙin ya zama nasu a duniya baki ɗaya, ka samu kuɗinka yau ba fargaba, amma in shirin ya fashe ya zaga duniya ba ka da ƙarin komai sai suna. Manya irin su Shonda Rhimes, marubuciya kuma furodusa da ta bar tashar ABC ta koma Netflix a 2017 suna da ƙarfin da za su ja ciniki, sabon shiga ba shi da shi, kada hotonsu ya ruɗe ka.

Sai ogan ofis, wato jami'in tasha ko na kamfanin haskawa da yake yanke abin da za a yi da abin da ba za a yi ba. Shi kaɗai ne cikin ukun yake da albashi duk wata da hutu da sanin inda zai kwana mako mai zuwa, kuma ga mai iyali wannan ba ƙaramin abu bane. Aikinsa karatu ne da sauraro, tarin rubuce-rubuce a ƙarshen mako, furodusoshi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna tallata labari, shi kuma yana auna shi da abin da tashar ta riga ta saya, da kuɗin da ya rage a shekarar, da irin masu kallon da ake nema. Yawancin amsarsa a'a ce, kuma ko "eh" ɗin ma ba tasa bace shi kaɗai sai ya hau da ita sama ya kare ta a gaban wanda ya fi shi. In an fara shiri shi ne mai aiko da gyare-gyare a kan rubutu da kan abin da aka tace, abin da marubuta da daraktoci suka fi tsana a duniya, amma in ka samu oga mai ido gyaransa ɗaya yana iya ceton zango guda, don shi yana kallon abin da idon wanda bai kwana a ciki ba.

Kada a raina kujerar nan. Sydney Newman, ɗan Kanada da BBC ta ɗauko ya shugabanci sashen wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960, bai riƙe kamara ba a wurin amma ya sake fasalin sashen ya raba shi gida uku, kuma shi ya ɗauko Verity Lambert tana da shekara 27 ya ba ta kujerar furodusan shirin Doctor Who a 1963, a lokacin ita kaɗai ce mace furodusan wasan kwaikwayo a gidan, daraktan kashe-kashen farko kuma Waris Hussein ne, haifaffen Indiya mai shekara 24. Zaɓen mutane irin wannan shi ne ainihin fasahar oga. Haka kuma haƙuri da shirin da bai kama ba tukuna, Hill Street Blues ya fara a tashar NBC ta Amurka a 1981 da ƙarancin masu kallo sosai, tashar ta bar shi ya ci gaba, a shekarar ya kwashi lambobin Emmy takwas kuma ya canza yadda ake yin wasan 'yan sanda. Wani ne a ofis ya sa wuyansa a kan wannan shawarar.

Matsalar ita ce ikon na kujerar ne ba naka ba. Ranar da ka sauka, wayar da take ƙara sau hamsin a yini sai ta yi tsit, kuma sauka a wannan aikin ba sai ka yi laifi ba, sabon shugaba ya zo yana son mutanensa, ko kamfanoni biyu su haɗe a ga ofis biyu suna aiki ɗaya, kamar yadda aka gani bayan Disney ta sayi yawancin kadarorin Fox a 2019 da bayan haɗewar da ta haifar da Warner Bros. Discovery a 2022, an sallami mutane da yawa kuma an soke shirye-shiryen da har an yi nisa da su. Sannan ba ka mallaki komai ba, shirin da ka yi faɗa aka yi shi ya zama abin tarihi sunan wasu ne a kai, in kuma ya faɗi za a tuna wanda ya sa hannu. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne nisa da aikin kansa, kana iya shekara ba ka taka wurin ɗauka ba sai ziyarar rabin yini ana ta yi maka fara'ar dole.

In aka jera su ta fuskar abin da zai faru ranar da kasuwa ta yi sanyi, kowa da irin nasa kukan. A 2023 marubutan Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, daraktoci ba su shiga ba don ƙungiyarsu ta riga ta daidaita, amma me za su ɗauka ba rubutu ba jarumai? Zaman gida suka yi su ma. Ƙididdigar tashar FX ta Amurka ta nuna shirye-shiryen da aka rubuta a Amurka sun kai kusan 600 a 2022 sai suka sauko zuwa 516 a 2023, kuma kowane shiri da ya ragu kujerun darakta ne da yawa suka tafi. Darakta yana jin sanyin nan take. Furodusa yana iya jurewa in yana da tsofaffin shirye-shirye da suke kawo wani abu, in kuwa ba shi da su ga hayar ofis da albashin ma'aikata, shi ya fi kowa shiga uku. Oga yana ci gaba da karɓar albashi har ranar da takardar sallama ta zo, daga nan sai ya tarar kujeru irin tasa ba su da yawa a duniya gaba ɗaya.

Ta fuskar lokaci da gida kuma, darakta in yana aiki ba a ganinsa kwata-kwata, awa goma sha biyu zuwa sama a tsaye, wani lokacin a wata ƙasa, in ya gama kuma ga shi a gida har a gaji da shi. Furodusa jikinsa bai kai haka wahala ba amma kansa ba ya hutawa, ba ranar da za a ce an tashi. Na ofis ya fi su tsari, duk da karatun dare da tafiye-tafiyen kasuwannin shirye-shirye irin wanda ake yi a birnin Cannes na Faransa duk Oktoba.

Abin da ni na fi ba wa nauyi in mutum yana ruwan ido shi ne wace kujera ce take barin ƙofofi a buɗe. Tsakanin furodusa da oga hanya a share take ta kowane ɓangare, Verity Lambert ɗin nan ta zama shugabar wasan kwaikwayo a tashar Thames ta Landan a 1974, ta riƙe kamfanin shirya finafinai na Euston Films, sannan a 1985 ta fita ta kafa kamfaninta ta koma furodusa mai cin gashin kanta. A Amurka, Grant Tinker ya kafa kamfanin shirya shirye-shirye na MTM a 1969, ya je ya shugabanci NBC daga 1981 zuwa 1986, ya sake komawa harkar shiryawa. Darakta ma yana iya zama furodusa, da yawa suna yi, akwai ma muƙamin darakta na dindindin a shiri wanda yake kula da sauran daraktocin da suke zuwa suna tafiya. Wadda ba kasafai ake gani ba ita ce daga ofis zuwa bayan kamara, don ba wanda zai ba mai shekara hamsin da bai taɓa tsara fitowa ba ma'aikata ɗari da kwana takwas ya koya a kansu. Don haka in ba da umarni ne yake cin ranka, yi shi da wuri tun kana iya jure rashin tabbas da tsayuwa, ofis ba zai gudu ba. In kuwa abin da kake so shi ne ka ga labari ya tashi daga babu ya isa gaban mutane, kuma ba dole sai hannunka ne a kan kamara ba, ni furodusa zan ce maka ba tare da kwana-kwana ba, shi ya fi daɗewa da shirin, shi yake iya mallaka, kuma daga nan kana iya juyawa ko'ina. Ofis kuma na wanda yake jin daɗin gano mai basira fiye da nuna tasa, wanda zai iya cewa a'a ga abokinsa ranar Litinin su gaisa lafiya ranar Laraba, kuma bai damu sunansa ya fito a allo ba.

Kafin ka yanke, akwai gwajin da ba ya cin komai sai lokaci. Samu aikin ɗan aike a wurin ɗaukar wani shiri ko na mako biyu ne, ka lura da kanka wa kake bi da ido, in mai magana da 'yan wasa ne ka san inda zuciyarka take, in kuma wanda yake gefe da waya a kunne yana warware rikicin gobe ne ya fi burge ka to ga amsa nan. Sannan ka nemi rubuce-rubucen shirye-shirye guda goma ka karanta, kowanne ka rubuta shafi ɗaya, me labarin yake cewa, ina ya yi rauni, za ka saya ko ba za ka saya ba kuma don me. Wannan shi ne aikin da ake fara ba yaran ofis da masu son zama editan labari, kuma kamfanoni da yawa da irinsa suke gwada mai neman aiki. In ka kai na bakwai kana jin kamar a ƙaro maka, ɓangaren labari da ofis zai karɓe ka. In tun a na uku ka fara zana inda za ka ajiye kamara a gefen takarda ka manta da rahoton, nemi abokai biyu da 'yan wasa uku ku ɗauki fitowa ɗaya ta minti biyar a yini guda, ka tace ta da kanka, ka nuna wa wanda ba ya jin kunyarka.